Ranar da Za a Yi wa Gamja Aiki

Kawu Man-sik ya zo da rula.

Ba wasa nake ba. Rula ta roba, irin ta 'yan firamare. Tun bai gama cire takalmi ba ya zaro ta daga aljihun kwat, ya ce in kamo masa kwikwiyar. Na kamo Gamja. Ya auna kunnenta na dama, ya auna na hagu, ya miƙar da wutsiyarta ya saki don ya ga yadda za ta koma ta naɗe, sannan ya buɗe bakinta ya leƙa kamar wanda makullinsa ya faɗa ciki. Ita kuma ta lashe masa agogo.

Ya ce, "Kin gani, Da-som? Wannan shi ake kira jini. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har sau biyar a gidan nan. Shi ne kike so a kai ta a yanke?"

Na ce, "Ba yankewa ba ne, Kawu. Mahaifa za a cire."

"To meye bambancin?"

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A birnin Mokpo yake sayar da tayil na banɗaki, amma katin da yake raba wa mutane bai ambaci tayil ba. An rubuta da ruwan zinare cewa shi ne shugaban ƙungiyar kiyaye asalin karnukan tsibiri. Mutum huɗu ne a ƙungiyar. Ɗaya matarsa ce, ita ma ba ta sani ba.

Ni kuwa ba ni da kati. Ina shekara sha shida na bar makaranta, na yi shekara bakwai ina naɗe busasshen ganyen teku a leda a wata masana'anta. Sauran karatuna a takardun cikin kwalin magani na yi shi, da bayan buhun taki, da duk littafin da wani ya manta a jirgin ruwa. Bayan bikin sabuwar shekara na dawo tsibirinmu, saboda Kaka ta kai tamanin da ɗaya kuma har yanzu ba ta yarda ta daina shiga laka ba.

Sau biyu a yini teku yake kwashe kayansa ya bar mana ƙofar gida. Na girma ina gani, amma har yau idan ya tafi sai na tsaya. Ruwan da ɗazu yake dukan bangon tashar jirgi ya ja baya, ya ja baya, har ya zama zare a can ƙarshen ido, ya bar filin laka mai ƙyalli wanda ya fi tsibirin kansa girma. Ko'ina ramuka suna numfashi. Ƙaguwa dubu-dubu suna ɗaga hannu ɗaya sama kamar an tambaye su wa ya iya. A cikin wannan filin Kaka take haƙo nakji, ɗan abin nan mai hannu takwas da ke ɓuya a ƙasan laka. Ta kalli ramuka ɗari ta wuce, ta tsaya a kan na ɗari da ɗaya, ta soka shebur sau huɗu, ta zura hannu har kafaɗa, ta fito da shi yana naɗe mata damtse.

Lakar nan tana haɗiye mutum. A wani wurin iyakarta idon sawu, taku biyu gaba ta kai ƙugu. Amma a ƙarƙashinta akwai wata hanya ta ɓawon kawa, irin ƙwanson dodon-koɗi na teku, mai tauri, faɗinta bai wuce tabarma ba, tana karkacewa kamar maciji tun daga wajen ramukan nakji har bakin gaɓa. Ba a ganinta. Da rana tsaka mutum yana iya saita ta da bishiyar da ke kan tudu da rufin cocin ƙauye. Idan hazon teku ya sauka kuwa, babu bishiya, babu coci, ruwa kuma ba ya jiran kowa. A irin wannan ranar karyar gidanmu ce take shiga gaba. Haka na taso na gani. Matan ƙauye ma bayan Kaka suke bi, Kaka tana bin karya.

Lokacin da na dawo, mai wannan aikin ita ce Meju, tsohuwa, shekararta sha ɗaya. Na tarar da 'yar mitsitsiyar kwikwiya maƙale a nononta, mai kalar dankali, shi ya sa Kaka ta sa mata Gamja, wato dankali. Duk inda Meju ta sa ƙafa a laka, nan kwikwiyar take sa tata, hancinta a gindin wutsiyar tsohuwar.

Ni ce na fara jin ƙullutun a cikin Meju, a layin nonuwa, kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Guda biyu. Kafin wata ya zagayo sun zama biyar, ɗaya ya fashe. Na kai ta wurin Likita Pyo, likitar dabbobi da ke garin da jirginmu yake tsayawa. Ta ce ya riga ya kai huhu. Sati uku ina wanke ciwon da ruwan gishiri safe da yamma, ina ɗaure shi da tsohuwar rigata. Ba zan ba da labarin warin ba. Ranar da za ta mutu sai da ta ja jiki ta kai ƙofar gida a daidai lokacin da ruwa yake janyewa.

Bayan mutuwar Meju na koma wurin Likita Pyo kan batun Gamja. Ba mai kewaye-kewaye ba ce. Ta ce, "Ba alkawari nake miki ba. Amma karyar da aka cire wa mahaifa kafin ta fara jinin farko, da wuya irin wannan ya same ta. Duk jinin da ta yi, kariyar tana raguwa. Ƙaramar watanta nawa?"

Na ce shida.

"To kada ki yi gaggawa, jikinta bai gama ƙwari ba, kada kuma ki yi barci. Kina da wata ɗaya, ko biyu in kin yi sa'a. Bayan aikin kuma sati biyu ba ita ba laka. Ɗinki ne a ciki."

Na dawo na gaya wa Kaka. Ta ce, "Uhm." Na ƙara gaya mata bayan kwana uku. Ta ce, "Miƙo min gishiri." Ban san wa ya kai wa Kawu labari ba, sai ga shi da rula.

Da muka zauna cin abinci ya buɗe taro. Ya ce a bar Gamja ta haihu sau biyu, ko uku, ya riga ya yi magana da wani mai kare da ya ci kofi a gasa. Ya ce sanin hanyar laka a cikin jini yake, masana sun tabbatar. Na tambaye shi waɗanne masana. Ya ce na ƙasashen waje.

Na ce, "Kawu, Janggun fa?"

Janggun karensa ne, ɗan Meju na cikinta, wanda Kaka ta ba shi shekara shida da suka wuce. Ma'anar sunan janar na soja. Idan aka yi ruwan sama sai an ɗauke shi an tsallakar da shi kwata.

Kawu ya ce, "Wannan rayuwar birni ce ta ɓata shi. Ke ba za ki gane ba, abin yana buƙatar karatu."

"Ni na wanke ciwon Meju. Shi ma karatu ne."

"Inna, kina jin ta ko? Yarinyar da ko takardar sakandare ba ta da ita za ta kashe mana tarihin gida!"

Kaka tana tauna kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, da haƙoranta shida. Karyar tata ce, maganar ƙarshe ma tata ce, mu duka mun sani. Ta kalli kalandar da ke bango, wadda ƙungiyar masunta take rabawa da lokutan cikar ruwa da janyewarsa, ta ce, "Gobe ƙarfe tara da kwata ruwa zai tafi. Mai son magana ya zo laka."

Kawu ya ce ai dama zai zo, zai ɗauki bidiyo ya nuna wa ƙungiya.

Washegari ya fito da farin takalmin roba sabo fil, da hular rana, da wayarsa a kan sanda. Ni da Kaka muna cikin wandon roba mai kai wa ƙirji. Gamja tana gaba tana tsalle-tsalle, tana bin ƙaguwa, tana cizon kumfa. Ba ta yi kama da mai tarihi ba. Tun mutuwar Meju ba a yi hazo ba, don haka babu wanda ya san abin da ta iya da abin da ba ta iya ba.

Mun yi kusan awa biyu. Kaka ta kama nakji sha ɗaya, ni biyu, Kawu ya yi wa wayarsa jawabi kan kusurwar kunne. Ina durƙushe hannuna a rami sai na ji sanyi a ƙeyata. Na ɗago. Tsibiran da ke kudu sun ɓace. Wani farin bango ne yake tahowa a kan lakar, ba sauti, tsayinsa ya kai sama, gindinsa yana shafar ƙasa. Na juya in nemi bishiyar kan tudu, na gan ta, na ƙifta ido, babu ita.

Ban taɓa jin duniya ta ƙanƙance haka ba. Iyakarta taku biyar kowane gefe. Sama fari, gaba fari, ƙasa toka-toka, ɗigon ruwa yana taruwa a gashin ido. Sai kuma wannan ƙarar da duk ɗan tsibiri ya sani, siririya, kamar ana soya abu a gidan maƙwabta. Ruwa ne ya juyo yana cika ramuka ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya ce, "Kada kowa ya firgita. Akwai taswira a wayata." Ya duba. Taswirar ta nuna masa ɗigo shuɗi a tsakiyar teku, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce, "Gaɓa tana nan," ya yi taku uku da ƙarfin hali, na huɗu ya nutse har cinya.

"Inna! Inna!"

Kaka ta ce, "Kwanta da baya, sakarai. Ka daina harbe-harbe, ba keke kake tuƙawa ba."

Muka miƙa masa ƙotar shebur muka ja. Ya fito, takalman ba su fito ba. Suna can har yau.

Na kalli Kaka ina jiran ta nuna hanya. Sai na ga tana taɓa ƙasa da tafin ƙafa, nan da can, tana jinjina kai. A wajen ciro Kawu mun juya sau da yawa, mun sauka daga kan ɓawon. Ta ce a hankali, "Ƙafata ta mutu, yarinya. Da can ina jin sa ta cikin roba." Ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta iya ba sai ranar.

Ruwa ya iso idon sawuna, sanyi kamar wuƙa.

Kaka ta ce, "Gamja. Gida."

Kwikwiyar ta daina wasa. Ban san yadda zan faɗe shi ba. Kamar an cire wata karya an sa wata. Ta sunkuyar da kai, ta yi 'yar kewaya, tana ɗaga ƙafa tana saukewa a hankali kamar mai taka ƙwai. Ta yi hagu, ta nutse har ƙirji, ta ja da baya. Ta yi dama. Sai na ji ƙaras a ƙarƙashin farcenta. Ta tsaya a wurin, ta waiwayo ta kalle mu.

Muka bi ta. Kaka a bayanta, ni ina riƙe da igiyar wandon Kaka, Kawu da safa yana riƙe da rigata. Inda hankalina ya ce gaɓa take, can ta juya wa baya. Ta kai mu kamar za mu shiga teku, har Kawu ya fara cewa karyar nan ta haukace, sannan ta karya kwana, ta sake karyawa. Kowane taku ina jin ɓawon yana ƙara a ƙasan ƙafata, ruwa yana hawa, ya wuce ƙwauri, ya kusa gwiwa. Ita ruwan ya kai mata wuya. A wani wurin ma iyo take yi, ƙafarta ba ta taɓa komai, amma ba ta kauce ba ko da faɗin hannu. Idan ta yi nisa har wutsiyarta ta fara narkewa a cikin farin, sai ta tsaya ta jira tsohuwa.

A wata kwana na ga ta yi wani ɗan tsalle zuwa dama, inda babu dalilin tsalle. Na gane tsallen. Meju ce take yin haka a daidai wurin, saboda ƙafarta ta baya da ta taɓa karyewa ba ta son gangaren. Gamja ƙafarta lafiya lau. Ta dai ga ana yi ne, ta ɗauka haka ake wuce nan.

Wata shida a duniya. Ba ta ma daina cin takalmi ba.

Da duwatsun gaɓa suka fito daga cikin hazon, na zauna a kan ɗaya. Gamja ta girgiza jiki, ta koma kwikwiya, ta tafi neman mataccen kifi. Kawu yana haki, laka har kunne, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kun gani! Kun gani da idonku! Jini! Inna, yanzu wa zai ce a taɓa ta?"

Kaka tana juye ruwa daga bokitin nakji. Ta ce, "A kwalin lemo na tsince ta."

Muka juyo muna kallon ta.

"A tashar jirgi, bayan injin sayar da kofi. Su uku ne, biyu sun mutu. Na kawo ta, Meju ta kwanta mata har nono ya zo. Kai da kake shugaban karnuka, ka taɓa ganin karya mai shekara sha ɗaya ta haihu?"

Kawu ya ce, "To... amma Meju ai..."

"Meju wajen masu gina gada na karɓo ta, za su tashi su bar ta. Wadda ta riga ta, wani mashayi ne ya manta da ita a shagon Gwaggo Ok-bun. Babu wadda ta haifi wata. 'Ya'yansu na ciki rabar da su nake yi, ga naka can yana tsoron kwata."

"Shekara ashirin ina gaya wa mutane! Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ka tambaye ni? Kullum kai kake bayani."

Na ce, "Kaka, to ta yaya suke sani?"

"Ƙarama ta bi babba. Abin da ake tsoro ɗaya ne, kada babba ta mutu ba a kawo ƙarama ba. Da na ga Meju ta fara nauyi, kullum sai na leƙa tashar jirgi." Ta kalli Gamja. "Wata biyu da rabi kawai suka yi tare a laka. Ban san ko ya isa ba. Shi ya sa ban ba ki amsa ba. Da bai isa ba, ni zan koya mata daga farko, kuma ba ni da sati biyun da zan ba likita."

"Ta farkon fa, wa ya koya mata?"

"Ni."

"Ke kuma wa ya koya miki?"

"Karen surukata. Ita surukar ba ta magana da ni."

Na zauna ina kallon hazon, ruwa ya riga ya rufe inda muka fito. Wata hanya ce a can ƙasa da ba ta cikin kowace taswira, ba a taɓa rubuta ta ba, shekara sittin ko fiye tana tafiya daga ƙafar kare zuwa ƙafar amarya zuwa ƙafar kare, har da ɗingishin wadda ta mutu. Na karanta abubuwa da yawa a bayan buhu. Ban taɓa karanta kamar wannan ba.

A gida Kaka ko wanka ba ta yi ba ta je gaban kalanda. Ta ɗaga shafin watan, ta sa yatsa mai laka a kan wata rana a shafi na gaba, sati uku daga ranar. Ranar da ake rufe kamun nakji ce, wata guda cur, don a bar su su yi ƙwai.

Ta ce, "Nan. Ba mai shiga laka, ba wanda zai neme ta. Ta warke a tsanake. Ina so ta tsufa ba tsakuwa a ciki, ta koya wa wata."

Na ce, "In jinin ya riga mu fa?"

"Ki riƙa dubawa. In kin ga alama, ki kira likitarki ta gaya mana yadda za a yi. Amma wannan da har yanzu take tsoron tsintsiya, da saura."

Sati ukun nan safe da yamma ina ɗaga wutsiyar Gamja ina leƙawa, har ta fara zama da zarar ta hango ni. Duk karen da ya wuce ta ƙofar gida sai na bi shi da harara. Kawu ya koma Mokpo da silifas ɗin Kaka. Na ji an ce ƙungiyar ta koma mutum uku.

Jinin bai zo ba. Ranar da yatsan Kaka ya bar tabo a kanta muka hau jirgin safe, muka dawo a na yamma. Gamja tana layi, cikinta a aske, ɗinki bai fi tsawon ɗan yatsa ba, an sa mata wata roba a wuya kamar mazurari. Likita Pyo ta ce komai ya tafi daidai.

Kwana na uku bayan aikin, tana kwance a tsakar gida, ba ta ganin teku daga inda take. Sai ta miƙe, robar tana karo da tukwanen miya, ta je ƙofa ta tsaya tana kallon Kaka. Na duba agogo, na duba kalanda. An rubuta ruwa zai fara janyewa ƙarfe goma da minti ashirin. Goma da minti takwas ne.

Na ce, "Kaka, ta yi kuskure da minti sha biyu."

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba daga tafarnuwar da take ɓarewa. Ta ce, "Lokacin tashar Mokpo suka buga, ba na nan ba. Je ki leƙa."

Na hau katanga na leƙa. A jikin bangon tashar jirgi akwai wani jiƙaƙƙen layi, faɗin yatsa biyu, a saman ruwan, inda ya riga ya sauka ya bari.